Harafi 160 da Gaisuwar Baba

Daminar 2006 ce, kwana biyu da saukar ruwan shuka. Bayan sallar isha'i Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar turaka, ya ce in ɗauko wayar. Waya ɗaya tak gare mu a gidan, Nokia 1100, wadda kowa a Yalwan Damai ke kira mai tocila. Yaya ne ya aiko da ita daga Legas, inda yake neman kuɗi a Agege. Mazauninta cikin wata tsohuwar safa ne a ƙarƙashin matashin Inna, ba ta fitowa sai da dalili. Ni kuwa ina sakandare a Birnin Kudu, na zo gida ƙarshen mako, don haka ni ne magatakarda.

"Rubuta," in ji Baba. "Ka fara da sallama. Ka ce ina gaishe shi da kyau da kyau, ina fatan yana lafiya kamar yadda muke lafiya a nan. Ka ce Gwaggonsa tana gaishe shi, da Kawunsa da iyalansa, da Liman, da maƙwabtanmu na gabas, da..."

Ban kai ga Liman ba 'yar lambar da ke kusurwar sama ta juya, 1 ta koma 2.

"Baba, ya shiga shafi na biyu."

"To, sai ka ci gaba mana."

"Kowane shafi da kuɗinsa, Baba. Naira 15 ne ɗaya, mu kuwa naira 20 ta rage a layin."

Ya yi shiru. Ga shi ko ainihin maganar ba a taɓo ba, wato kuɗin taki. Can ya tambaye ni nawa shafin yake ci. Na ce harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalma da kalma, har da ɗigo. Baba ya yi karatun allo, ya san girman allo shi ke yanke yawan ayoyin da malam zai rubuta wa yaro, saboda haka bai wahalar da ni da tambaya ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe allon nasu ƙarami ne."

Muka shiga ragi. Maƙwabta suka fara fita, sai Liman, sai Kawu da iyalansa. A kan Gwaggo Baba ya ɗan ja, sannan ya bari. Sallama ta koma slm, lafiya ta koma lfy. Ina cikin ƙirga abin da ya rage sai muryar Inna ta fito daga bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba: "A ce masa ya riƙa cin abinci." Yaya ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ban taɓa jin ta aika masa da magana kai tsaye ba sai ranar. Baba ya ce, "Wannan kam sa shi, ko da nawa za a cire." Ga abin da ya fita daga ƙarshe:

Slm. Baba na gaisheka da kyau. Muna lfy, ruwa ya sauka, an yi shuka. Turo kudin taki buhu 2 ta hannun direba ran Jumaa. Inna tace ka ci abinci. Allah ya tsare.

Harafi 159, saura ɗaya. A cikin gida babu sabis, sai da na fita bayan gari na hau wani tudu kusa da kuka, na ɗaga hannu sama ina juyawa a hankali har sanda ɗaya ta leƙo. 'Yar ambulan ta tashi. Na dawo cikin duhu da tocilar wayar, ina ta maimaita sunayen da na goge a zuci, kamar wanda aka ba wa amanar kaya ya zubar da rabi a hanya.

Kafin zuwan waya ba a san wannan ƙunci ba. Wasiƙa a kan cika takarda ciki da bai, a ba direba ko wani mai komawa kudu. Daga baya aka shiga yin kaset: a sa sabon batir a rikoda, a taru a tsakar gida, kowa ya zo ya yi gaisuwarsa, har yara. Kaset ɗaya yana ɗaukar maganar awa guda, amma sai ya yi mako ko biyu kafin ya isa, wani lokaci a ce mai kaiwa ya biya ta wani gari. Saƙon waya kuwa kafin in sauko daga tudun ya shiga aljihun Yaya, sai dai bai fi cikin cokali ba. Mun sayar da yawa mun sayi sauri, ba tare da an yi shawara da mu ba.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi. A lokacin labarin salula a rediyo muke jin sa, abin manyan birane ne. Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, layi ya yi ta araha, ƙarfen sabis ya yi ta bin manyan tituna yana matsowa. Mu da ke nesa da ƙarfen, jelar sabis ce ke isowa gare mu. Akwai abin da muka lura da shi ba mu san dalili ba: cajin da zai kwana biyar a Birnin Kudu, a gida kwana uku ya ƙare. Sai da na koyi gyara na gane cewa wayar ɗaga murya take yi. Idan ƙarfen yana kusa raɗa take masa, idan ya yi nisa sai ta ƙure ƙarfinta, har wat 2, kuma daga batir take biyan wannan ihu. Caji kuwa ba kyauta ba ne. Akwai mai janareto a bakin kasuwa da katako cike da soket, ka ba shi naira 20 ya manna wa batirinka lamba, ka dawo da yamma.

Shi ya sa muka ƙware a saƙon da ya fi kowane ƙanƙanta, wato filashin. Ka kira, ta yi ƙara ɗaya, ka katse. Ba a faɗi komai ba, ba a biya ko sisi ba, amma an gama magana. Tsakaninmu da Yaya, ƙara ɗaya na nufin kuɗi sun iso, biyu a jere na nufin ka kira akwai magana. Wanda ya yi tafiya zai yi filashin ɗaya a san ya sauka lafiya. Amfaninsa ya dogara ne da yarjejeniyar da aka ƙulla tun kafin a rabu, duk abin da ɓangarorin biyu suka riga suka sani ba sai an aika shi ba. Shekaru bayan haka na tarar injiniyoyi da wannan dabarar suke rage nauyin saƙo.

Ita 160 ɗin ma tana da asali. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ƙasashen Turai ke tsara GSM, wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, da takwaransa na Faransa, Bernard Ghillebaert, suka kawo shawarar a riƙa cusa gajeren rubutu ta 'yar siririyar hanyar da waya da ƙarfe ke amfani da ita wajen sanar da juna cewa ga kira nan tafe. Hanyar ba don hira aka yi ta ba, abin da ta iya ɗauka bayit 140 ne. Hillebrand ya zauna gaban tafireta yana buga jimloli yana ƙirgawa, ya ga yawancinsu ba sa haura harafi 160, ya ce ya isa. An aika saƙon farko ranar 3 ga Disamba 1992 a Ingila. Wannan siririyar hanya ce dalilin da ya sa tes ke wucewa da sanda ɗaya, a inda kira zai yi ta yankewa.

Lissafin ba shi da wuya. Na'ura ba ta san komai ba sai e da a'a, a kunne ko a kashe, shi ake ce wa bit. Takwas ɗinsu bayit ɗaya ke nan. Bayit 140 sau 8 ya ba da bit 1,120. In an ba kowane harafi bit 7, sai a sami 160 cif. In saƙo ya zarce shafi guda, kowane yanki sai ya sadaukar da gurbin harafi 7 don a rubuta masa lambar da za a jera shi da 'yan uwansa, ya rage 153. Wanda ya riƙe Nokia 3310 zai tuna da 459 a saman allo, wato 153 sau uku.

Amma bit 7 gurbi 128 kaɗai yake bayarwa, kuma masu tsarin da nasu haruffan suka cike shi: akwai é da ñ da ä, akwai wasu manyan haruffan Girka, akwai alamar fam da ta kuɗin Japan. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, alhali tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko. Tsofaffin wayoyinmu ma ba su da inda za ka latsa su. Da wayoyin zamani suka zo da su, sai aka tarar da wani haraji: ka sa ƙ guda ɗaya a cikin tes, wayar ta koma wani tsari mai ba kowane harafi bit 16, shafin ya faɗo daga 160 zuwa 70. Daga baya an yi wa Turkanci da Sifaniyanci da Fotugis da harsunan Indiya da dama, irin su Hindi da Urdu da Tamil, nasu jadawalin na musamman. Hausa ba ta samu ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau, domin samari miliyoyi sun koyi rubuta harshensu ne a kan madannan waya, sun tashi ba sa jin cewa lanƙwasar nan tana da wani aiki.

Tana da aiki kuwa. Wata rana na rubuta wa Yaya, "Kawu ya tafi fada kan maganar gona." Akwai wata tsohuwar taƙaddamar iyaka da Yaya ya sani. Ban sauko daga tudun ba kira ya shigo, muryarsa tana rawa, yana tambayar da wa ake yi, an ji wa wani ciwo? Na ce fadar hakimi ya tafi, Yaya, sulhu ake yi. A wannan karon ma daidai na rubuta, amma da yake mun saba d ɗaya ce ke wa fada da faɗa aiki, ya karanta wanda ya fi tsoro. Kiran ya cinye masa kuɗin abincin rana.

Har salon rubutunmu madannan ne suka sassaƙa shi. Ykk, ngd, gsky, wlh. Masu rubuta xan a maimakon zan, ana yi musu kallon 'yan gayu, amma ni a ganina babban yatsa ne ya koya musu: z sai ka latsa 9 sau huɗu, x sau biyu.

Zamanin da na fi tunawa da daɗi shi ne na Bluetooth, wanda bakinmu ya mayar bulutut. Wajen 2008 zuwa 2010 wayoyi masu memori suka cika gari, Nokia 3110 da 2700 da 'yan Caina masu layi biyu da lasifika kamar ta masallaci. Kafin nan akwai infared, wanda sai an kwantar da waya biyu baki da baki a kan tabarma, kowa ya janye hannunsa, in wani ya taɓa sai a sake daga farko. Bulutut ya zo da 'yanci: tana aljihunka, tawa tana hannuna, waƙa tana tafiya. Iyakarsa taku goma ne da 'yan kai, mita 10 a lissafin masu shi, ita ma in babu katanga. Ƙarfin da yake fitarwa bai wuce miliwat biyu da rabi ba, wato kashi ɗaya cikin 800 na ihun da waya ke yi wa ƙarfen sabis. Wani injiniya ɗan Holan, Jaap Haartsen, ya fara aikin ƙera bulutut a kamfanin Ericsson a 1994, daga baya aka raɗa wa abin laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na goma. Don ya kauce wa hayaniyar sauran na'urori yakan yi tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa guda. Mu dai ba mu san da wannan ba, abin da muke gani wata 'yar sanda ce a allo tana cika a hankali.

Da yamma a rumfar mai caji ake haɗuwa. Wanda ya dawo daga Kano shi ne angon ranar, don ya biya wajen masu turi ya ciko memori. Sabuwar waƙar Aminu Ala, ta Nazifi Asnanic, ta Fati Nijar, tsofaffin na Shata da wani ya kwafo daga kaset. Waƙa ta minti huɗu takan kai megabayit 4, tafiyarta minti ɗaya ko biyu in wayoyin sun jitu. Fim kuwa sai an matse shi ya koma 3GP, hoton ya zama kamar tambarin wasiƙa, fuskar jarumi ta dagule in ya yi saurin juyawa, duk da haka a yi rabin awa ko fiye ana jira. Kuma mutum ɗaya ake tura wa a lokaci guda. Saboda haka akwai layi, akwai alfarma, akwai wanda za a ce a fara ba shi don gidansu da nisa, magariba ta kusa. Wanda ya karɓa shi ma ya juya ya tura wa na kusa da shi. Kafin sati waƙar ta zaga gari, ta haura ƙauyukan Gwaram a aljihun 'yan kasuwa, ba ta taɓa intanet ba ko sau ɗaya.

Ba za ka iya tafiya ba sai ta gama, kuma ba za ka iya matsawa nesa ba. Dole ka zauna kusa da mutum, gwiwa da gwiwa. A wannan zaman jiran na san mutane da yawa da a da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abokin da ya zama babban aminina har gobe, fim ɗin da ya yanke a kashi 90 cikin ɗari ne ya haɗa mu, don sai da muka sake zama wani rabin awar.

Kawu ne ya sa na fara fahimtar cewa nauyi abin ciniki ne. Bayan rasuwar Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a watan Afrilun 2007, karatunsa ya bazu a wayoyi fiye da da. Kawu ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, ina son tafsirin nan gaba ɗayansa a wayata." Memorinsa megabayit 128 ne.

"Kawu, ba zai shiga ba, sai dai a zaɓi kwana biyu ko uku."

"Na wajen ɗan Liman ya shiga, tasa ma ba ta kai tawa ba."

Na je na duba, ashe nasa an juya shi zuwa AMR, tsarin da aka yi don muryar mutum a waya. Karatun awa guda a MP3 yakan doshi megabayit 60, a AMR bai kai 6 ba. Murya tana fita kamar daga cikin tulu, amon masallaci duk ya tafi, amma kowace kalma tana nan. Na zuba wa Kawu, ya saurara, ya ce, "Ai karatun nake nema." Ya yi shekaru yana rataye wayar a reshe in yana noma.

Intanet ta same mu da harafin G ko E a saman allo. Opera Mini ce ta sa ta yiwu, don sai shafi ya biya ta kwamfutocin kamfanin an matse shi kafin ya iso, mu kuma mu kashe hotuna. Da manhajar hira ta 2go, megabayit 10 sai ta kai mu mako. A daminar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka fara rabon taki ta saƙon waya, buhu biyu a rabin kuɗi. Na karanta wa Baba nasa saƙon, shafi ɗaya ne shi ma. Ya ce in sake karantawa, sannan ya ce, "Su ma ba su yi gaisuwa ba."

A shekarar ce na tafi Kano koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Na yi zaton na rabu da ƙirgen harafi ke nan, musamman da Xender ta zo tana kwashe fim cikin minti ɗaya ta Wi-Fi, tana kuma kwashe caji daidai gwargwado. Ashe zan sake tarar da allon nan, ya ma fi na da ƙanƙanta.

Wani aiki ya kai ni ga firjin ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara, irin masu aiki da hasken rana. Yawancin alluran suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. In ya haura sun lalace, in ya yi ƙanƙara wasunsu sun lalace, kuma ido ba ya ganewa. Ma'aikata suna rubuta awon safe da yamma a takarda, amma abin da ya faru da tsakar dare ba mai shaida. Aikinmu shi ne saka wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, tana auna sanyi duk minti goma tana ajiyewa, in an zo da waya sai ta miƙa mata. Batirinta irin na agogo ne, faifai kamar kwabo, CR2032, ana kuma son ya shekara.

Da Bluetooth take magana, amma ba irin namu na rumfar mai caji ba. Wannan ƙaninsa ne mai ƙarancin ci, wanda ya samo asali daga wani aikin Nokia mai suna Wibree, ya shiga tsarin Bluetooth 4.0 a 2010. Da na buɗe takardunsa na ga ƙunshin da yake ɗauka a tafi ɗaya bayit 23 ne, uku na adireshi da umarni, 20 na kaya. Tes ɗin da na yi wa Baba ya ninka shi bakwai.

Dalilin yana cikin batirin. Abin da ke cikin CR2032 bai wuce a ja miliamfiya 220 na awa guda ba. Rediyon na'urar in yana kunne yakan ja wajen 10, ka ga in aka bar shi a buɗe ko kwana ɗaya ba zai cika ba. Saboda haka rayuwarta barci ce. Ta farka, ta yi 'yar sanarwa cewa ga ni nan, ta koma, duk cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. In waya ta amsa sai su sa lokacin haɗuwa, tazarar tana iya zama daga kashi bakwai da rabi cikin dubu na daƙiƙa har zuwa daƙiƙa 4. Ka matso da tazarar, kaya su yi sauri, batir ya yi saurin mutuwa. Ka nisanta ta, batir ya daɗe, mai jira ya gaji. Babu inda za ka tsaya ka ci duka biyun.

Malamar da ke riƙe da ɗaya daga asibitocin ta tsaya a kaina ranar da na fara gwadawa. Ta ce, "Malam, tunda abin yana magana da waya, ba zai riƙa ɗaukar hoton cikin firjin yana turowa ba? In ga abin da ya rage ba sai na buɗe ba."

Na ce, "Malama, bari mu lissafa tare." Awo ɗaya bayit 2 ne. Sau 144 a yini, bayit 288 ke nan. Na wata guda 8,640. A raba shi ashirin-ashirin, ƙunshi 432. In ana miƙa ƙunshi ɗaya duk kashi 30 cikin dubu na daƙiƙa, cikin daƙiƙa 13 an gama da wata guda cur. Hoto ɗaya na waya kuwa, mai megabayit 2, ta wannan mazurarin sai ya yi minti 50 yana ɗiga, rediyo yana ta farkawa ba hutu.

Ta yi ɗan tunani ta ce, "To a bar shi ya faɗi sanyin kawai. Ƙirgen kwalabe aikina ne."

A cikin bayit biyun ma akwai dabara. Ba a rubuta ranar da lokacin kowane awo, sau ɗaya ake faɗin lokacin farawa, sauran kowa ya san minti goma-goma ne. Ba a rubuta kalmar digiri, ba a sa ɗigo, 4.5 sai a aika 45, wayar ta san inda za ta mayar da ɗigon. Filashin ɗinmu ne da Yaya, an sa masa riga. Gaskiya ne an faɗaɗa hanyar daga baya, Bluetooth 4.2 na 2014 ya kai ƙunshi bayit 251, na 5 a 2016 ya ninka gudun, amma sai duka ɓangarorin biyu sun iya, in ɗaya tsoho ne a koma ashirin. A wuraren da nake aiki kuwa tsohuwar waya ita ce a hannun mutane.

Iyakar ba rowar kamfani ba ce, ko da yake kamfanoni ma suna da tasu. Tun 1948 wani masanin lissafi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa abin da hanya za ta iya ɗauka ya rataya ne a kan faɗinta da kuma yadda murya ta rinjayi hayaniya. Duk wanda ya taɓa kiran wani daga wannan gona zuwa waccan ya san haka a jikinsa. Ba ka yi masa dogon bayani. Ja kake yi wa sunansa, ka ja kalma ɗaya ko biyu, taho, ko kawo ruwa, don nisa yana cinye gajerun sautuka. Na'urorin LoRa, waɗanda ake sa wa a rijiyoyin burtsatse da mitoci da gonaki a ƙasashe da dama, haka suke yi: suna jan kowane bit har ya kai kilomitoci da ɗan ƙaramin batir, amma a mafi nisan zangonsu gudun bai wuce bit 300 a daƙiƙa ba, ƙunshin kuma bayit 51. Tsarin Sigfox, wanda aka ƙirƙiro a Faransa, ya fi haka tsumulmula, bayit 12 a saƙo, saƙo 140 a yini. Masu sayar da waya suna ta yi mana tallar gudu, 4G, 5G, kuma ba na raina shi. Amma a garin da wuta ba ta da tabbas, na'urar da ta fi yi mana aiki ita ce wadda za ta shekara tana faɗin abu kaɗan na gaskiya, ruwa ya ragu a tanki, firji ya ɗumama, famfo ya tsaya. Na so a ce yaranmu masu karatun injiniya a Dutse da Wudil da Kazaure sun fi mai da hankali a nan.

Baba ya rasu da kaka, shekaru kaɗan da suka wuce. Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Yaya ya kira ni ɗakin soro ya zaro wani ƙullin takarda daga aljihu. Tsohon layinsa ne, babba irin na da, an daɗe da rufe shi. Ya ce, "Duba mini ko abin da ke ciki yana nan." Layi ba ya riƙe saƙo da yawa, ashirin ne ko talatin, in ya cika sai ka goge wani kafin wani ya shigo. Shekara da shekaru Yaya yana gogewa yana tsallake guda ɗaya.

Na sa shi a wata tsohuwar Nokia da nake ajiye da ita don gwaji. Babu sabis, amma akwatin saƙo ya buɗe. Yana nan, da slm ɗinsa da lfy ɗinsa. Yaya ya karanta ya miƙo mini, ya ce in kwafe masa a takarda kafin layin ya mutu gaba ɗaya.

Na ce, "Yaya, ba haka Baba ya faɗa ba. Ni na rage."

"Kana tune da sauran?"

Na karɓi biro. Na rubuta sallamar a cike. Na mayar da gaisuwar da kyau da kyau, da fatan yana lafiya kamar yadda muke lafiya. Na mayar da Gwaggo, da Kawu da iyalansa, da Liman, da maƙwabtanmu na gabas, rabinsu yanzu suna maƙabarta ɗaya da Baba. Na sa wa kuɗi lanƙwasarsa, na mayar wa Inna da riƙa ɗinta. Inda Baba ya ce "da" na katse shi da maganar shafi na biyu, na bar fili, na miƙa wa Yaya takardar.